Ranar da Mahaifiyarki Ta Ga Ƙofar Jininta

Bulumkutu,
Maiduguri.

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki lafiya a duk inda kika buɗe ta, ko kina zaune jiran jirgi, ko kin riga kin sauka kin sami ɗaki kin ajiye jaka. Allah Ya tsare miki hanya gaba da baya, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya kare ki daga sharrin abin da kike gani da wanda ba kya gani.

Kin san halina. In na zaunar da ke da niyyar yin magana mai nauyi, sai in ɓige da tambayar ko kin ɗauki yaji da daddawa. Shi ya sa na ga gara in rubuta. Labarin gida kuwa ba sai na ba ki ba, da idonki kika bar shi.

Kwanan baya maƙwabcinmu Ba Modu ya tare ni a ƙofar masallaci, ya ce, "Dakta, wai 'yar nan karatun me za ta je yi har ƙasar Turawa? An ce irin naka ne, amma kai ma ban taɓa sanin me kake yi ba." Na ce masa jikin mutum ƙwayoyi ne ƙanana waɗanda ido ba ya gani, kowace ƙwaya da tantanin da ya lulluɓe ta, a jikin tantanin kuma akwai 'yan ƙofofi da gishirin jiki ke shiga da fita ta cikinsu. Gishirin yana ɗauke da lantarki, saboda haka duk sanda ƙofa ta buɗe sai wata 'yar wuta ta wuce, ita muke aunawa. Ya ja carbi, sannan ya ce, "To Allah Ya sa dai kada wutar ta ja ta." Na ce amin. Ban tsaya gaya masa cewa wutar ba ta kai ta motsa ƙafar sauro ba.

Tunda aikin da na ƙarar da ƙuruciyata a kansa shi kika zaɓa, bari in ba ki labarin yadda na shige shi da inda na yi tuntuɓe, ko kya tsallake wasu ramukan.

Ba sha'awar na'ura ce ta kai ni ba, mahaifiyarki ce. A shagon yadin kakanki, mahaifina, da ke Gamboru na fara ganinta. Lokacin ina ƙaramin malami a jami'a, ina koya wa ɗaliban likitanci yadda jiki ke aiki, ranar hutu kuma in je in taya shi zama a shago. Ta zo zaɓen laffaya, tana magana da Barbarci, ni kuma na ce bari in burge ta in amsa da shi. Ta fashe da dariya, ta ce, "Ɗan Kano, yi Hausarka kawai, kada ka ji wa harshenka ciwo." Malamar firamare ce, Malama Falmata. Da magana ta yi nisa na je zauren gidansu, ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Malam, kafin ka wahalar da iyayenka, ni mai sikila ce. Yau ina tsaye, gobe ina kwance. Ka je ka yi tunani."

Na ce, "Na riga na yi."

Ta ce, "Ba ka yi ba. Je ka auna jininka tukuna."

Na je na auna, aka ce ba na ɗauke da komai, sannan ta yarda aka kai gaisuwa. A nan zan tsaya in ce miki abu ɗaya, ba zan sake maimaitawa ba don kada in ba ki kunya. Kin san kin gaji rabin abin daga wajenta. Duk wanda ya zo da maganar aure, a can ne ko a nan, ki yi masa yadda ta yi mini, kuma tun kafin zuciya ta yi nisa.

Farkon tashin ciwon da na gani da idona, damina ce. Ruwa ya doke ta a hanyar dawowa daga makaranta, kafin la'asar ta kwanta tana juyi, tana cewa ƙashin bayanta ake sara. Ni da nake tsayawa gaban allo ina zana wa ɗalibai yadda ƙwayar jinin mai sikila ke lanƙwashewa kamar lauje, ban iya komai ba sai dafa ruwa da danna mata ƙafa. Bayan an sallame mu daga asibiti na shiga karatu kamar mahaukaci. A nan na ci karo da maganar wata ƙofa a jikin jar ƙwayar jini. Idan gishirin kalsiyam ya shiga ƙwayar sai ƙofar ta buɗe, gishirin fotasiyam ya fice, ruwa ya bi shi, ƙwayar ta bushe. In ta bushe kuwa ta fi saurin lanƙwashewa ta maƙale a ƙananan hanyoyin jini. Na ce a raina, in aka ga yadda ƙofar nan ke buɗewa, ai wata rana a san yadda za a rufe ta.

Da na sami gurbin karatu a waje, na so mu tafi tare. Ta ce, "Ni da sanyi ba ma shiri, ka sani. Zan zauna wajen Hajiyarmu. Je ka gano mana ita ka dawo."

Tuntuɓena na farko a can gaggawa ce. Kin san aikin a takarda, amma bari in faɗa miki yadda yake a hannu. Za ki ja siririn bututun gilashi a kan zafi har bakinsa ya fi gashi siranta nesa ba kusa ba, ki cika shi da ruwan gishiri. Sai ki sa ido a madubin ganin ƙwayoyi, ki riƙa matso da tsinken gilashin nan a hankali har ya taɓa ƙwaya. A bakinki akwai 'yar roba da ta haɗu da tsinken. Za ki ɗan zuƙa, tantanin ya manne da bakin gilashin ta yadda ko ɗigon wuta ba zai zurare ta gefe ba. Shi muke kira kamu. In kin sami kamu, duk abin da ya wuce ta ƙofar da ke cikin ɗan wurin nan zai fito a allo.

Ni kuwa duk na zauna, Maiduguri nake gani. Ina jin kamar kowace ranar da ta wuce ban sami komai ba, ranar ciwo ce na ƙara mata. Sai in zuƙa da ƙarfi. Jar ƙwayar jini kuwa laushi gare ta, nan take sai ta shige cikin tsinken ta fashe. Haka sanyin shekarar ya shiga ya fita ina fasa ƙwayoyi, kwandon shara na cika da gilashi. Abokan karatuna duk na girme su, kuma a gida malami ne ni, sai na riƙa jin nauyin in ce ban iya ba.

Malamata wata dattijuwa ce, gajera, ba ta da yawan magana. Wata safiya ta jawo kujera ta zauna kusa da ni, ta kalle ni na fasa ƙwaya, na sake fasa wata. Ba ta yi faɗa ba. Ta ɗauko wani lanƙwasasshen bututu mai ruwa a ciki, ta haɗa da roba, ta ce in kalli ruwan. Da ta zuƙa, da ƙyar na ga ya motsa. Ta ce in gwada. Ummi, saura kaɗan in shanye ruwan. Ta yi murmushi ta ce, "Ka ga bambancin? Taɓa, ka saki, ka jira. Ita za ta zo da kanta."

Ba a daɗe ba na sami kamuna na farko. Koren layin da ke allo ya kwanta sumul, ya yi tsit. Can sai ya faɗa ƙasa kaɗan kamar matakala, ya tsaya, ya koma. Ya sake. Ƙofa guda ɗaya tak tana buɗewa tana rufewa a gabana. Ban san sanda na ce "Allahu akbar!" da ƙarfi ba, har mutanen ɗakin suka rugo suna zaton wani abu ne ya fashe.

To ki ji. Da zarar kin isa, ki lura da wanda hannunsa ya fi kyau a ɗakin, ko da ƙaninki ne a shekaru, ki ce masa, "Ban iya ba, zan zauna in kalle ka." Abin da na ɓata damina da rani ina nema, a zama ɗaya aka nuna mini shi. Kuma kada ki zauna gaban na'urar da yunwa ko da fushi, hannu yana tona asirin mutum. Shayinsu mai ƙarfin nan ma ki rage, yana sa yatsu rawa. In lokacin salla ya yi ki tashi, ƙwaya ba ta ƙarewa.

Da zan dawo gida, an sayo musu sababbin na'urori, sai malamata ta sa aka ɗaure mini tsohuwar da na koyi aiki a kanta. A jami'a aka ba ni wani ɗaki a bayan sashenmu wanda dā ake ajiye karyayyun kujeru. A nan Baba Bitrus ɗinki ya shigo labarin. Malamin fiziks ne, mutumin wajen Biu, kuma maƙwabcinmu a nan Bulumkutu, shi da matarsa Mama Saraya. Ya leƙo ne kawai ya ga akwatunan da ake ta magana, daga nan bai sake fita ba.

Ranar da muka kunna, layin da na saba gani siriri sai ya fito da kauri kamar igiyar rijiya. Duk wata waya da ke cikin bangon ginin tana zuba hayaniyarta a ciki. Bitrus ya duba ya duba, ya ce, "Dakta, yashin Maiduguri ne. Ya bushe da yawa, ba ya shan wuta." Muka haƙa rami a bayan taga, muka zuba gawayi da gishiri, muka binne sandar tagulla, muka ɗaura mata wayar na'ura. Kullum da safe sai mun yi wa ramin ban-ruwa kamar lambu, masu wucewa suna tambayar me muka shuka. Wutar gari ba ta da tabbas, janareta kuma girgiza da hayaniya, sai muka koma kan batiran babbar mota. Tebur kuma in tirela ta wuce a titi sai tsinke ya yi rawa ya tsere daga ƙwaya. Muka hura tiyub ɗin Vespa muka jera, muka ɗora faffaɗan dutsen siminti a kai, madubin ya zauna a sama. Fanka ma sai an kashe. Da sanyin safiya muke farawa, kafin hantsi ya yi zafi mun jiƙe sharkaf, daga mu sai singileti. In zafin ya yi yawa mu fito gindin bishiyar maina mu sha ardeb, ruwan tsamiyar nan mai sanyi, muna musun ko Barno ta fi Kano zafi. Ban taɓa jin daɗin aiki kamar na waɗannan shekarun ba.

Jinin da muke aiki da shi na masu zuwa asibiti ne waɗanda aka yi wa bayani suka yarda, kuma mahaifiyarki ce ta fara sa hannu. Ta ce, "Ku ɗiba, dama ba wani aikin kirki yake mini ba."

Tuntuɓena na biyu shi ne wanda har yau in muka tuna sai mun yi dariya. Bayan dogon wahala, wata safiya matakalar nan ta fito a allo, tsaf-tsaf, kyakkyawa. Washegari ma ta fito. Na ce shi ke nan, an gama. Na biya na sayo tsire da bandar kifi, mahaifiyarki ta yi burabusko da miyar yakuwa, muka kira Bitrus da Saraya. Bitrus ya ci ya ƙoshi, ya wanke hannu, ya gyara zama, sannan ya ce, "Dakta, akwai abin da bai kwanta mini ba. Ƙofar nan taka ta cika ladabi. Abu mai rai ba ya buɗewa a kan tsari haka kamar soja."

Na ce, "Sai da ka cinye naman za ka faɗa?"

Ya ce, "Ai shi ya sa na bari na ƙoshi tukuna. Gobe mu manna tsinken a jikin roba, ba ƙwaya. In roba ma tana da ƙofa, to mun gano abin da ya fi naka girma."

Na kwana da haushinsa. Da safe muka manna tsinke a jikin roba, sai ga matakala, irinta sak. Muka bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya muna cirewa, har muka isa kan tukunyar lantarkin da muke ɗumama ruwan gishiri. Makunnin cikinta ne ya lalace yake ƙyaftawa. Muna zare ta layi ya kwanta. Da na koma gida na faɗa wa mahaifiyarki, ta yi dariya har tana riƙe haƙarƙari, ta ce, "Ashe tukunya muka yi wa walima!"

Allah Ya rufa asiri ban kai ga aika wa kowa ba. Saboda haka ranar da kika ga abin da kika daɗe kina addu'ar gani, ranar ce za ki fi tsananta bincike. Ki cire ƙwayar ki gani ko yana nan. Ki cire kalsiyam ki gani ko zai yi shiru. Ki kira wanda ba ya jin nauyinki ya duba. In kin sami aboki irin Bitrus, wanda zai ci abincinki kuma ya gaya miki kin yi kuskure, ki riƙe shi da hannu biyu.

Ta gaskiyar ta zo daga baya, kuma ba ta da kyau kamar ta tukunya. Ƙofofin nan ba su da yawa a jikin jar ƙwaya, sai ka yi kamu bayan kamu ba ka dace da ko ɗaya ba. Da muka same ta, muka gwada ta ta kowace fuska har Bitrus da kansa ya ce ya yarda, sai mahaifiyarki ta ce ita fa sai ta je ta gani. An yi hutun makaranta, na ɗauko ta. Kina goye a bayanta, ba ki fara zama ba. Ta shigo da laffayarta tana ƙamshin turaren wuta, Bitrus ya ce tunda aka gina ɗakin nan bai taɓa jin daɗi irin na yau ba.

Na ɗiga jininta, na ce ta sa ido a madubi. Ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Ga wasu kamar faranti, ga wasu a lanƙwashe. Lanƙwasassun su ne ni?"

Na ce, "Dukansu ke ce."

Ta koma kan kujera tana jijjiga ki. Na fasa ƙwaya ta farko, ta biyu ta tsere, na yi kamu babu ƙofa. Gumi yana zuba a idona. Can Allah Ya ba da sa'a. Na ciro ɗan tantanin a bakin tsinke, na ce ta matso ta kalli allo. Layi a kwance. Na ce wa Bitrus ya sako ruwan da ke da kalsiyam. Sai layin ya fara faɗawa yana komawa, wani gajere, wani dogo, ba tsari.

Ta ce, "Kai! Ɗinkin hular Bama!"

Muka wanke kalsiyam ɗin, layi ya kwanta. Ta ce a sake. Muka sake. Ta ce a ƙara. A karo na gaba sai na ga hawaye yana bin kumatunta. Ta ce a hankali, "Ashe ɗan wannan abin ne."

Na gaya mata gaskiya, cewa ba ƙofar ce ta kawo ciwon ba, kowa yana da ita, sai dai a jininta tana buɗewa fiye da kima, ta ƙara wa abin tsanani. Ta ce, "To rufe ta mana."

Na ce, "Ban iya ba tukuna."

Ta share fuska da gefen laffaya, ta ce, "Ba komai. Ko ma mene ne, a cikin jinina yake, ba a hannun kowa ba. Malam, kai ni Maisandari."

Wannan ɓangaren ba na jin an taɓa ba ki shi dalla-dalla. Kin san Ya Kaltum, gwaggon mahaifiyarki, a matsayin tsohuwar da ke ba ki dabino. Amma tun mahaifiyarki tana yarinya, lokacin da wanta ya rasu da irin ciwon nan ita ma ta fara kwanciya, sai dangi suka ce Ya Kaltum ce ta kama kurwar yaran. Ba ta taɓa haihuwa ba, kuma ita ce ke yawan ɗaukarsu. Aka daina gaishe ta, aka hana yara zuwa inda take, har ta tattara ta koma Maisandari, can gefen gari, ita kaɗai. A mota mahaifiyarki ta ce mini, "Na yi karatu, na san gado ne, har na sha faɗa wa iyayen yara. Amma akwai wani lungu a zuciyata da bai daina jin tsoronta ba. Yau ya daina."

Muka same ta a tsakar gida tana tsince wake a faifai. Mahaifiyarki ta durƙusa ta ce, "Wushe, Ya Kaltum." Tsohuwar ta ɗaga kai, ba ta gane ta ba. Da ta faɗi sunanta da na mahaifinta, sai faifan ya zame daga cinyarta, wake ya watse. Ta ce, "Falmata? Ba kya tsoro?"

Mahaifiyarki ta matso kusa da ita. Ta kwance goyo, ta ɗora ki a cinyarta. Tsohuwar nan ta ɗaga hannayenta sama duka biyu, ta ƙi taɓa ki, tana cewa, "A'a, ɗauke ta. In ta yi zazzaɓi gobe za a ce ni ce." Mahaifiyarki ta kamo hannayen ta ɗora su a bayanki, ta danne da nata. Ni dai fita na yi na tsaya a jikin mota, don ba zan iya kallo ba. Daga ranar har rasuwar Ya Kaltum, ba a yi sallah ba a kai mata tuwo daga gidanmu ba, kuma sannu a hankali sauran dangi suka biyo baya.

Mun rubuta abin da muka gano, an buga shi a wata mujallar masana, 'yan kaɗan suka karanta. Amma in aka tambaye ni amfanin da ɗakin nan ya yi, tafiyar Maisandari nake fara tunawa. Don haka duk jinin da aka miƙo miki a kwalba, ki tuna daga hannun wani aka zare shi, mai uwa da dangi da abin da ake faɗa a kansa. In da hali ki nuna masa abin da kika gani, da harshen da zai gane. Kada ki ce ba zai fahimta ba.

Ba zan ɓoye miki ɗacin aikin ba. Shekaru bayan haka muka ji cewa a waje an haɗa maganin da ke toshe ƙofar nan, an gwada a kan masu sikila. Jininsu ya ɗan gyaru, amma tashin ciwon bai ragu ba, aka ajiye maganin. Ranar da na karanta na dawo gida na kasa cin abinci. Mahaifiyarki ta turo mini kwano ta ce, "Ci. Ni da ke da ciwon ban yi zuciya ba, sai kai?" Ke ma irin wannan rana za ta zo miki. Ki ci abinci, ki yi barci, ki koma.

Sauran kin san shi, kin yi wayo lokacin. Rikici ya zo ya tarwatsa gari, ɗalibai suka watse, Bitrus ya kwashe iyalinsa suka tafi Jos, wuta ta ɗauke ta daɗe ba ta dawo ba. Amfilifayar na'urar, mai ƙara wa 'yar wutar ƙarfi, ta ƙone, babu inda za a sami kayanta, babu kuma Bitrus da zai buɗe cikinta. Na lulluɓe ta da tamfol. A can za ki tarar komai na zamani, har an ce akwai injin da ke yin zuƙar da kansa. Ki koyi nasu, amma ki matsa a nuna miki abin da ke cikin akwatunan da yadda ake gyara su. Ban ce dole ki dawo ki tayar da ɗakin nan ba. Amma in Allah Ya sa kin dawo, ba za ki sami wanda za ki kira a waya ya zo ya gyara ba.

Yanzu ga maganar da ta fi sa ni ɗaukar biro. Mama Saraya ta gaya mini abin da kika ce mata, wai in kin je kin ga hawan jinina yana damuna za ki ajiye karatun ki dawo, don ba za ki bar ni ni kaɗai ba. Kada ki ji haushinta, ni na matsa mata. Da farko dai ba ni kaɗai ba ne. Gwaggonki Binta ta dawo ɗakin baya, kuma tun da Bitrus ya yi ritaya suka dawo unguwa, kullum da yamma yana nan yana ƙirga mini ƙwayoyin magani yana mini gardama.

Na biyu kuma, ba ki da izinin dawowa, kuma ba ni na hana ba. A kwanciyar mahaifiyarki ta ƙarshe, wata rana da rana kin fita karɓo magani, ta bi ki da kallo har kika ɓace a ƙofa. Tun kina firamare ke ce mai dafa ruwan zafi, ke ce mai danna ƙafa. Bikin ƙawayenki nawa ya wuce kina zaune a gefen gado. Ta juyo ta kama hannuna ta ce, "Malam, yarinyar nan ta yi jinyata tun ba ta kai tsawon murhu ba. Ta isa haka. In na tafi, kada ka bari ta zauna jinyar kowa. Ko kai ne."

Na ce, "To."

Ta ce, "Ba to ɗin da kake ce mini in na ce ka rage gishiri ba."

Na ce, "Na yi alkawari."

Ba ta ce ki zama likita ba, ba ta ce ki nemo maganin sikila ba. Saboda haka kada ki ɗora wa kanki cewa an aike ki ne ki rama mata. In aikin ya ba ki daɗi ki yi shi don daɗinsa, in wata ƙofar ce ta ja hankalinki, ta zuciya ko ta ƙwaƙwalwa, ki bi ta, ba wanda zai ce kin ci amana. Abin da ta roƙa miki ɗaya ne, ki tashi daga gefen gado ki je ki yi rayuwarki. In kin kira kin ji ina tari, ki ce mini sannu, ki yi mini addu'a, ki koma bakin aikinki. Kada ki sa in je in same ta da karyayyen alkawari, kin san ba zan ji da daɗi ba.

Allah Ya jiƙanta, Ya sa ciwon da ta sha ya zama kaffara. Ke kuma Allah Ya yi miki albarka, Ya daidaita hannunki, Ya buɗe miki abin da ya rufe mini. Ya tsare ki a zaune da a tafe, cikin sanyi da cikin baƙunta, Ya sa ki kwana lafiya ki tashi lafiya a ƙasar da ba ki da kowa sai Shi. Na yafe miki duniya da lahira. Ki sauka lafiya, Ummi.

Mahaifinki.